Tukunya Cikin Tukunya: Ƙirar Da Ta Ci Lambar Yabo Ta Duniya, Da Abin Da Za Ta Iya Yi Wa Kasuwar Jimeta

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Yola da Jimeta kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos, babu ɗan kasuwar da ya kai ɗan gwari shiga tsaka mai wuya. Tumatir da tattasai da alayyafon da manoman rani ke kawowa daga Geriyo da sauran fadamun bakin kogin Binuwai ba sa jiran ciniki. Abin da bai shiga da safe ba, da yamma sai a karyar da farashinsa, wanda ya ƙara kwana biyu kuwa makomarsa juji. Mai sayen ya san haka, shi ya sa ragama take hannunsa. Firiji da zai warware matsalar yana bukatar jari mai yawa da kuma wutar lantarki tsayayya, abubuwa biyu da mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa ba su da su.

Mafi arahar maganin da aka taɓa ƙera wa wannan matsala a arewacin Nijeriya ya fito ne daga hannun marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya taso a gidan maginan tukwane. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex da ke ƙasar Suwizalan ya ba shi lambar yabonsa ta masu himma, haɗe da kyautar dalar Amurka 75,000. A 2001 mujallar Time ta sanya ƙirar tasa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren wannan shekara, sannan a 2007 gidan adana kayan ƙira na Cooper-Hewitt da ke birnin New York ya baje ta a wani nuni na kayayyakin da aka tsara domin masu ƙaramin ƙarfi.

Fasalin abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Tukwane biyu ne na yumɓu, babba da ƙarama. Ana sanya ƙaramar cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a zuba kayan lambu cikin ƙaramar, sannan a rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke cikin yashin yakan tsattsafo ta jikin babbar tukunyar, iska ta busar da shi, kuma a yayin bushewar yake janye zafi daga ciki, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jikin ɗan Adam. Ana ƙara ruwa kamar sau biyu a yini. A gwaje-gwajen da Malam Bah Abba ya gudanar, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako 3, alayyafon da ba ya wuce yini guda ya kai kwana 12.

Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa zai ce ai babu sabon abu a nan, kuma yana da gaskiya. Sanyaya abu ta hanyar bushewar ruwa dabara ce da aka sani tun zamanin tsohuwar Masar, kuma babu gidan Bahaushe ko Bafulatanin da bai san ta ba. Abin da ake kira ƙirar kayan masana'antu shi ne ɗaukar dabara, sabuwa ko tsohuwa, a ba ta siffa da girma da farashin da za su sa a iya ƙera ta da yawa, a kai ta kasuwa, mai saye kuma ya iya amfani da ita ba tare da an tsaya a kansa ba. A nan ne aikin malamin yake. Ya zaɓi kayan da ake samu a kowane ƙauye, wato yumɓu da yashi da ruwa. Ya dogara da maginan da suke nan da sana'arsu, ba a bukatar sabon inji ko sabon horo mai tsawo. Idan tukunya ta fashe, maginin unguwa zai gina wata. Farashin kuwa a wancan lokacin bai kai dala 5 ba ko ga babbar.

Ɓangaren da ya fi dacewa 'yan kasuwa su yi nazari shi ne yadda aka shigar da kayan hannun jama'a, domin a nan ne akasarin masu ƙirƙira suke faɗuwa. Daga tsakiyar shekarun 1990 Malam Bah Abba ya ɗauki magina aiki da kuɗin aljihunsa, suka gina tukwane 5,000 waɗanda ya raba kyauta a wasu ƙauyukan Jigawa, a 1999 kuma ya ƙara 7,000. A lissafin ɗan kasuwa wannan rabon kyauta kuɗin talla ne: mutumin karkara ba ya fitar da kuɗinsa a kan abin da bai ga amfaninsa a gidan maƙwabci ba. Da ya lura cewa yawancin waɗanda yake son kaiwa gare su ba sa karatun boko, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauke shi a faifan bidiyo, ana haska shi da dare a dandalin ƙauye da taimakon janareta. Kuɗin Rolex ya ba shi damar faɗaɗa aikin zuwa wasu jihohin arewa, kuma ya zuwa farkon 2005 adadin tukwanen da aka rarraba ya haura 90,000. Dabarar ta ƙetara zuwa ƙasashe irin su Sudan, inda mata masu ginin tukwane a yankin Darfur suka rungume ta da sunan zir. Malam Bah Abba ya rasu a 2010.

Ta fuskar tattalin arziki, ainihin abin da tukunyar ke sayar wa manomi shi ne lokaci. Wanda zai iya riƙe tumatirinsa mako 2 ba dole ba ne ya karɓi tayin farko. Yana iya jiran ranar kasuwa ta gaba, ko ya riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. A Jigawa an lura da wata fa'ida ta daban, wato raguwar matsin da ke sa a tura 'yan mata talla kullum don kada kaya su lalace, abin da ya ba wasunsu sararin zuwa makaranta.

Lambobin yabo na ƙira ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai irin su Red Dot, wadda ake bayarwa a birnin Essen na Jamus tun 1955, da iF wadda ta samo asali a birnin Hanoba a shekarun 1950. A waɗannan, kamfani ne ke biyan kuɗin shiga gasa, idan ya yi nasara kuma ya liƙa tambarin a jikin kayansa domin jan hankalin masu saye. Dabarar talla ce ta manyan masana'antu, kuma tana aiki a kasuwannin da mai saye ya san tambarin. Ta Rolex kuwa jari ce da ake bai wa mutum domin ya ci gaba da aiki. Mai sayen tukunya a kasuwar Jimeta ba zai tambayi ko wacece ta ci lamba a Turai ba. Zai tambayi nawa ce, kuma kwana nawa za ta riƙe masa kaya.

Amsar tambaya ta biyu ta dogara ne ga yanayi, kuma nan ne ya wajaba ɗan kasuwar Adamawa ya yi hattara. Wani bincike da sashen D-Lab na jami'ar MIT ta Amurka ya gudanar a ƙasar Mali a 2017 ya nuna cewa irin wannan sanyayawa ta fi yin tasiri ne inda laimar iska ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba, zafin yini ya haura digiri 25, akwai ruwan da za a riƙa ƙarawa, akwai kuma inuwa da iska. Dutse tana cikin busasshen yanki. Yola kuwa tana kwance ne a kwarin Binuwai, kuma daga watan Mayu zuwa Oktoba, lokacin damina, iskar garin cike take da laima, saboda haka ruwan yashin ba zai bushe da saurin da ake bukata ba, sanyin kuma zai ragu ƙwarai. Daga hunturu zuwa bazara ne tukunyar za ta yi aikinta sosai. An yi sa'a wannan shi ne daidai lokacin da kayan noman rani ke cika kasuwa, farashi ya faɗi, asara ta yawaita. Ke nan haja ce ta kusan rabin shekara, kuma duk wanda zai zuba jari a cikinta da wannan lissafin ya kamata ya shiga.

Akwai wasu iyakokin. Tukunyar yumɓu tana da nauyi, tana fashewa a hanya, saboda haka jigilarta daga nesa na iya cinye ribar. Gara a gina ta kusa da inda za a sayar. Cikinta ba ya ɗaukar kwandunan dillali, ta fi dacewa da mai kasa kaya a tebur, da mai sayar da abinci, da uwargida. Ba ta daskarar da komai, don haka ba madadin firiji ba ce ga nama ko ɗanyen kifi. Binciken na Mali ya kuma gano cewa sanya tukunyar yumɓu cikin babbar roba ko kwano mai jiƙaƙƙen yashi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, na iya ba da sakamako makamancin na tukwane biyu. Wannan ya nuna ƙofar gyaran fasalin a buɗe take, kuma Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana da sashen ƙirar kayan masana'antu inda ake koyar da aikin yumɓu. Gwada girma da kaurin tukunyar da ya dace da ƙasar Adamawa da yanayin Yola aiki ne da bai fi ƙarfin ɗaliban wannan sashe ba, idan an sami ɗan kasuwar da zai ɗauki nauyinsa.

Saura batun kariya ta shari'a, wanda ƙananan masu masana'antu kan yi sakaci da shi har sai an kwaikwayi kayansu. Dokar Nijeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira da zanen masana'antu ta ba da damar yi wa siffar kaya rajista, ko ta kwalbar ruwa ce, ko buta, ko zanen atamfa, a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar tana aiki na shekara 5, ana iya sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15. Sharaɗin shi ne siffar ta kasance sabuwa, wato ba a riga an fitar da ita ga jama'a ba kafin ranar neman rajistar, kuma dokar ba ta ɗaukar siffar da aka tsara don aikin fasaha kawai a matsayin zane. Bisa wannan, ainihin dabarar tukunya cikin tukunya ta kowa ce, babu wanda zai hana wani gina ta. Abin da mai masana'anta a Jimeta zai iya karewa shi ne sabuwar siffa ko adon da ya ƙara mata, muddin ya shigar da takardunsa kafin ya kai samfurin farko kasuwa.