Abincin Wadda Aka Yi Wa Tiyatar Rage Ƙiba

 

A ƙasarmu, idan mace ta yi jiki sai a ce ta samu kwanciyar hankali, har wasu ke sayen ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe don su murje. To amma akwai ƙibar da ta zama ciwo: gwiwa ta ƙi ɗaukar jiki, numfashi na sarƙewa cikin barci, ga hawan jini, ga ciwon suga. Idan rage abinci da motsa jiki sun kasa, likitoci kan ba da shawarar tiyata. Ana yin ta a wasu asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar. Ko ba a yi miki ba, wata rana za ki iya jinyar 'yar uwa ko kishiya da aka yi wa, shi ya sa ya kamata ki san yadda abin yake.

Wani likitan Amurka, Edward Mason, shi ya fara wannan aiki a jami'ar Iowa a shekarun 1960. Ana yanke wata 'yar jaka a saman tumbi, girmanta bai wuce na ƙwan kaza ba, sai a haɗa ta da ƙaramin hanji kai tsaye. Kin ga ke nan abinci ya tsallake ragowar tumbin da farkon hanji. Loma kaɗan sai ƙoshi, kuma ba duk amfanin abincin jiki ke tsotsa ba. Ba kowace mai jiki ake yi wa ba. Alal misali, macen da tsawonta mita 1.6 ne, sai nauyinta ya kai wajen kilo 90 ko fiye ake fara wannan magana.

To, bayan an dawo gida fa? A nan aikin yake. Mako ɗaya zuwa biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man, madara marar kitse, kindirmo marar suga da aka tsinka. Daga nan sai abin da aka dama ya yi laushi kamar na yaye, irin su faten wake da aka cire ɓawonsa aka tuƙe, da kifin da aka cire wa ƙaya aka murmushe. Sannan a shiga abinci mai taushi: dafaffen ƙwai, alale, awarar da aka dafa cikin miya maimakon suya. Sai wajen mako 6 zuwa 8 ake komawa abincin gida, shi ma a hankali, gwargwadon yadda likitanki ya tsara.

Tunda wurin kaɗan ne, abin da ya fi amfani shi za ki fara ci. Jiki na buƙatar giram 60 zuwa 80 na sinadarin gina jiki a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai. Alhamdu lillahi, mutanen Karaye ga madatsar ruwa ta Challawa a kusa, karfasa da tarwaɗa ba sa wuya. Ki fara da kifi ko wake ko ƙwai, ki bi da ganye kamar zogale da alayyahu, tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe idan da sauran wuri. Ki tauna sosai, ki ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan kwanonki. Kilishi da ganda da tsire a dakata da su tukuna, suna iya tsayawa a ƙirji.

Kada ki haɗa ci da sha. Ki bar rabin awa bayan cin abinci kafin ki sha ruwa, amma a wuni ki tabbata kin sha aƙalla lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya-wata uku, kurɓi-kurɓi.

Zaƙi kuwa abin gudu ne. Lemon kwalba, mazarƙwaila, alkaki, nakiya, fura mai suga, duk sukan zube cikin hanji gaba ɗaya, sai ki ji jiri da gumi da bugun zuciya da murɗar ciki, wani lokaci har da gudawa. A gidan biki ko suna za a matsa miki, "Haba Hajiya, ko loma ɗaya!" Ki ce likita ya hana, ki yi godiya. Ranar girkin abokiyar zama ma ki yi mata bayani tun da wuri, kada ta ga kin rage abinci ta ɗauka raini ne ko zargi.

Sai maganar ƙwayoyin ƙarin sinadarai, waɗanda sha ne na har abada: maganin ƙarin jini, da bitamin B12, da bitamin D, da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Wadda ta daina don ta ga ta warke, ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu na iya biyo baya. Mu da muke cikin gida ba ma samun rana sosai, don haka ki riƙa zagaya tsakar gida da hantsi, kin samu rana kin kuma motsa jiki. Kada ki aiki yaro kemis ya sayo miki ibuprofen ko diclofenac, suna jawo gyambo a wurin ɗinkin.

Yawanci mace kan zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta a shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, suga da hawan jini su yi sauƙi ƙwarai. Amma wadda ta koma ciye-ciyen zaƙi da soye-soye, ƙibar na iya dawowa. A wannan tsakanin ne kuma ake son a jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke zubewa ba ya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata. Wannan magana ce da za ku je gaban likita ke da maigida tare, musamman da yake haihuwar da ta daɗe ba ta zo ba takan zo da zarar an rame. Azumin watan Ramadan ma kada ki ɗauka sai kin ji ta bakin likita.

Idan kika ga amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. A nemi mota zuwa babban asibitin Karaye ko na Rogo, a nuna musu takardun tiyatar, in ta kama su tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.