Kada Mu Auna Tarihinmu A Kan Sikeli

A Ingila, mutum kan shafe shekaru a garejin gidansa yana tayar da komaɗar MGB, ƙaramar motar ƙawa da aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Saboda irin waɗannan masu sha'awa ne kamfanin British Motor Heritage ya soma buga mata sabuwar gangar jiki a 1988.

Mu kuwa a Katanga da Jega da Maiyama, tsofaffin Land Rover da Bedford da suka yi wa iyayenmu jigila, 'yan gwangwan muke miƙa wa a kan kilo. Mai sitiyari a dama cikinsu shaida ce ta zamanin da ya gabaci 1972, shekarar da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi.

Ba ƙarfen nake jimami ba, ilimin nake ji. Kanikawan da ke gane ciwon inji da kunne suna ƙarewa, ba magada. Ina kira ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta sayi ko guda ɗaya, ta haɗa ɗalibanta da waɗannan dattawa su tayar da ita. Garin da ya shahara da ɗorin karaya bai kamata ɗorin mota ya gagare shi ba.