Daga Maraɗi Zuwa Jibiya: Abin Da Ke Sa Mata Kama Sana'ar Kansu

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa ranar kasuwa ya san cewa mata na da yawa cikin fasinjojin da ke cika motocin asuba. Wata da galan na man gyaɗa, wata da buhun aya ko ƙuli-ƙuli, da yamma su komo da atamfa da roba da kwanuka. Mun sha tattaunawa da irin waɗannan mata a shirye-shiryenmu na rediyo, kuma da wuya ka ji wadda ta ce sha'awar arziki ce ta fito da ita. Galibinsu larura ce ta gida.

Abu na farko shi ne rumbu. A yawancin ƙauyukanmu hatsin da aka noma ba ya kai wa wata damina. Da an gama girbi maigida zai ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Kano ko Ikko, wasu har Libiya, ya bar mata da yara da 'yan dammunan gero. Kuɗin cefane, sabulu, maganin yaro in zazzaɓi ya kama shi, duka suna wuyanta har ranar da aike ya iso, in ya iso. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jahar Maraɗi ba su manta ba: gidan da matar ke da 'yar sana'a ko 'yan awaki ya fi jure wa lokacin.

Ga kuma ƙarancin ƙasa. A da mace na samun gamana, wato 'yar gonarta ta kanta, ban da gandu. Yanzu a kudancin Maraɗi jama'a sun yawaita, gado ya farfasa gonaki, kuma in wuri ya matse gonar mace ake fara karɓewa. Wadda ta rasa gona sai ta koma ga tukunyar suya.

Amma akwai dalilin da maza ba su cika ambata ba, wanda a ganinmu ya fi sauran ƙarfi. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba ya da iko a kanta. Kuma al'ada ta ɗora wa uwa nauyi mai yawa na kayan ɗakin 'yarta: gado, katifa, kwanuka, zannuwa. Tun yarinya na goye uwa ke fara tari. Ga biki, wanda bashi ne a fakaice, domin wadda ta kawo maki jika biyu ranar suna tana jiran ki mayar da abin da ya fi haka ranar nata. Matar da ba ta da ko dala ta kanta ba ta iya shiga cikin mata. Sannan aure na mutuwa, kishiya na shigowa, miji na rasuwa. Kowace mace ta ga wadda hakan ya same ta ba shiri.

Jarin kuwa ba daga banki yake fitowa ba. Adashi ne, ko sayar da akuya, ko asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta soma a nan jahar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata na taruwa kowane mako su zuba abin da suka amince a kai cikin akwati, mai bukata ta ci bashi ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zango a raba.

Sai dai ƙaramin jari ba ya jure girgiza. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, manyan 'yan kasuwa sun samu hanyoyinsu. Mai galan biyu na mai kuwa, kuɗin kabu-kabu ta hanyar daji kaɗai ya isa ya cinye ribarta. Faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara rikita lissafi: wadda ta sayar a Jibiya ta canza zuwa sefa sai ta ga kuɗin sun tsuke a hannunta.

Abin da ke damunmu a nan shi ne 'yan mata. Matar da ke cikin kulle ba ta fita, 'yarta ce ke ɗaukar tiren talla, sau da yawa a daidai lokacin da ya kamata tana lakwal. Mun tayar da wannan magana a rediyo ba sau ɗaya ba, amsar da uwaye ke ba mu kuwa ita ce ribar tallan ce za ta sayi kayan ɗakin yarinyar.