Kafin Ka Yanke Filogin Nan, Duba Jikin Injin

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunan kafintoci da masu aikin ƙarfe, kuma tana cinye jari a banza. Mutum ya yi tari ya sayo injin goge katako na hannu, wanda aka shigo da shi daga Amurka. Ya iso shago, filogi ya ƙi shiga soket. Maimakon ya tsaya ya tambayi dalili, sai ya ce wa yaronsa, "Kai, yanke shi kawai." Yaro ya fere waya, ya cusa ta tsirara, ya tokare da tsinken ashana. Injin ya ɗan yi kuka, sai ƙaurin koyil ya cika shago. Daga nan kuma a hau tsine wa dillali.

Haba maigida, ina laifin dillali? Wutar soket a Amurka bolt 120 ce, a Japan 100, tamu a Nijeriya 230. Ka ɗura wa injin kusan ninki biyu na abin da aka ƙera shi a kai. Kuma ba a ɓoye maka ba. Akwai ɗan farantin ƙarfe liƙe a jikinsa, ƙura ce kawai ta rufe shi. Goge shi ka duba lambar da ke kusa da harafin V da ta kusa da Hz. In ba ka gane ba, ɗauki hotonsa da waya ka kai wa mai gyaran wuta tun kafin ka biya kuɗi.

Taransifomar rage wuta tana magance matsalar bolt, muddin ta fi ƙarfin injin. Amma ba ta taɓa lambar Hz. Tamu 50 ce, ta Amurka 60, don haka injin da ke juyi wajen 1,800 a minti a can zai dawo wajen 1,500 a nan, yana iya ɗaukar zafi ma.

Manyan injuna masu layi uku sun fi tsada wajen kuskure. Wutarmu ta layi uku tana tsakanin 400 da 415, alhali na Japan da yawa 200 suke ci. Kada kowa ya jona su sai ƙwararre ya auna wutar shagon da mita, har da ta janareta. In kuma layi ɗaya ya ɗauke ka ji injin yana gurnani, kashe shi nan take, ka jira layin ya dawo.