Kanikawan Gobir da Tsofaffin Motocin Ingila

A Sabon Birni da Isa mutum ba ya sayen tsohuwar mota shi kaɗai. Dillali yana wurin, mai mota yana wurin, an kira shaidu, amma ba a cewa an sallama sai bakanike ya fito daga ƙarƙashinta ya karkaɗe wandonsa. Abin da ya faɗa shi ke ɗaga kuɗin ko ya kada shi. Wannan reshe na kanikanci, wato sanin tsohuwar mota da riƙe ta a kan hanya shekara da shekaru, shi nake ganin har yanzu ba mu ba shi darajarsa ba.

Gwanin bakanike da sassafe yake zuwa duba mota, kuma ba ya faɗin lokacin zuwansa. Kafin ya ce uffan, tafin hannu yake ɗorawa a kan injin. In ya ji ɗumi, ya san an riga shi an tayar da ita don kada a ga gardamar da take yi da sanyin safiya, sai ya ce a bari sai gobe. In ya tarar da ita da sanyi, ya zaro sandar baƙin mai, ya murza ɗigon a tsakanin yatsu, ya sansana. Mai da ya cika kauri, ana so ne a toshe bakin wata ƙara da ke ciki. Wanda ya yi fari-fari kuwa, ruwa ya sami hanya, gasket ya ƙone. Ya buɗe murfin lagireto, ya sa yaro ya tayar, ya zuba ido ko ruwan zai yi kumfa. Sannan ya zagaya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi, ringi ya cinye, tana shan baƙin mai. Baƙi, kafireta ce ke ɓarin fetur, wannan aikin yini ɗaya ne. Fari mai yawa da ya ƙi yankewa bayan injin ya yi zafi, a yi hattara. Daga nan ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin injin, ƙotar a kunnensa, yana matsar da ita kaɗan-kaɗan har ya kama inda ƙarfe ke dukan ƙarfe. Sai a ƙarshe yake shiga ƙarƙashi da tocila, yana bin shasi da yatsa. In ya fito, sai ka ji ya ce wa mai saye, "Alhaji, injin na da sauran ƙarhi, amma wagga mota ta taɓa karyewa ga ƙashi, ga waldar nan." Haka kakanninsa suka duba doki a kasuwa: haƙori, kofato, numfashi, ba ruwansu da adon sirdi.

Abin da mutanen garejinmu da yawa ba su sani ba shi ne, wannan aikin da suke yi a gindin dalbejiya, a Ingila sana'a ce mai tsada, akwai masu cin abinci da ita kaɗai. Turawan can suna da wasu ƙananan motoci masu kujera biyu, marasa tsayi, da rumfar tufa wadda ake naɗewa baya a sha iska. Fitacciya a cikinsu ita ce MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da guda 500,000. Akwai Triumph Spitfire ta Coventry, ita ma 1962 zuwa 1980, da Austin-Healey 3000, da Jaguar E-Type da ta fito a 1961, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu sha'awa. An daina ƙera su da daɗewa, don haka duk mai so dole tsohuwa zai saya, kuma ko ya ɗauko masani ko ya yi kuka da kuɗinsa.

Masanin can tsatsa yake fara nema. Ingila ƙasar ruwa ce, kuma lokacin sanyi gishiri suke watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa cin ƙarfe yake yi. MGB ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa, ƙarfinta duka yana cikin dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. In wurin ya ruɓe ta ciki, mota ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe ta, sai ta fara lotsawa ta tsakiya. Shi ya sa mai dubawa ke kallon ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ya ɗaga ta da jak ya ga ko ƙofar za ta ci gaba da rufuwa, ya bi jikinta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne an shafe da fenti. Injin mai cc 1,798 ba shi da wuyar sha'ani. Kafireta biyu ne da shi, ƙirar SU, waɗanda dole a daidaita su su ja iska daidai da juna, kuma har yau tsofaffin hannu da guntun tiyo suke yi, baki ɗaya a bakin kafireta, ɗaya a kunne. Duk bakaniken da ya girma da Fijo 504 a Isa, in aka ba shi wannan tiyon, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne takarda. Motar da ake cewa an adana ta da kyau tana zuwa ne da jakarta: sunayen waɗanda suka mallake ta bi da bi, rasiɗin kowane gyara, littafin da ta fito da shi daga kamfani. A Gaydon akwai gidan tarihin motocin Birtaniya da ke riƙe da rajistar kamfanonin, in ka ba su lambar mota su ba ka takardar da ke nuna ranar da aka ƙera ta, launinta na asali, da inda aka fara kai ta. Wani kamfani da yanzu yake Witney, tun 1988 yake buga sabon bodin MGB da ainihin kayan aikin da aka buga na farko. Gwamnatinsu ma ta sa hannu: motar da ta kai shekara 40 ana yafe mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma su sun mayar da abin doka.

Mafi yawan waɗannan motoci Amurka aka sayar da su tun farko, kuma yau Ingilishi kan bi su har Kalifoniya da Arizona ya dawo da su gida, saboda busasshiyar ƙasa ba ta ruɓar da ƙarfe. Wannan ya shafe mu. Ƙasar Gobir damina wata uku zuwa huɗu take gani, sauran shekara rana ce da hunturu. Ƙarfen mota a nan yana daɗewa. Abokan gabar mota a nan daban ne: rana da ke fasa roba da kujeru da tampol, ƙurar hunturu da ke shiga ta matatar iska ta goge ringi, gurɓataccen fetur na bumburutu, da lodin da ya wuce hankali ranar kasuwa.

MG dai ba ta taɓa zama motar wannan yanki ba, kuma dalilin a fili yake. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce inci 5 ba, ba za ta ƙetare rairayin fadamar Rima ko ta Bunsuru ba. Ga kuma sauyin ranar 2 ga Afrilu 1972, da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama kamar Nijar da sauran maƙwabta, motocin da aka ƙera wa titin Ingila suka zama bare, yanzu ma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo ta cinye kasuwar Arewa.

Motar Ingila mai buɗaɗɗen sama da Gobirawa suka sani ido da ido Land Rover ce mai rumfar tampol, ta En'e da 'yan sanda da malaman dabbobi, daga baya ta koma ta 'yan kasuwar ƙauye. A 1948 aka fara nuna ta, a garin Solihull aka riƙa ƙera ta, kuma saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi bodinta da alminiyon. Don haka maganaɗisu ba ya aiki a kanta, bakanike da gaɓar yatsa yake ƙwanƙwasawa ya saurara. Shasinta da bangon da ke tsakanin injin da direba su ne ƙarfe, can ake duba tsatsa da tsagewa. Kusa da giya akwai ƙananan sanduna biyu, mai jan kai da mai rawayan kai: a danna rawaya ƙafa huɗu su ja, a jawo ja in an shiga rairayi ko laka mai tsanani. Rauninta sananne ne, sandar aksil ta baya tana karyewa in direba ya saki kuloci da ƙarfi da kaya a kai, shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa fita ba tare da wata a ƙarƙashin kujera ba. In batir ya mutu, akwai hannun da ake zurawa ta gaba a murza. Har a Ibadan kamfanin Leyland ya haɗa ta. Mota ce da aka yi ta don a gyara ta a daji da sifana kaɗan, kuma a jikinta da jikin Fijo manyan kanikawan yankin suka koyi aiki.

Gareji ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai injin, mai wayarin, mai walda, fanel bita, mai fenti, mai ɗinkin kujera da tampol, mai faci yana bakin hanya. Uba kan kawo yaro ya damƙa wa maigida da goro, yaron ya fara da wanke noti a cikin fetur da miƙo sifana, ya daɗe kafin a yarda ya ɗaure kan injin, sai maigida ya gamsu ya yaye shi da addu'a. Kayan gyara kuwa daga Ƙofar Ruwa a Kano suke zuwa, ko Fanteka a Kaduna, ko Sakkwato, sababbi da na Baljiyam. In an rasa, a ƙirƙira: a yanka gasket daga kwali mai kauri, a sassaƙa roba daga tsohuwar taya, a kai sifirin wajen maƙeri. Ina jinjina wa wannan basira. Amma ina ƙin ta a wuri biyu, birki da sitiyari. Nan dabara ba ta da amfani, araha kuma ba ta ado.

Ta fuskar ciniki Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni, ga dangi a Tsibiri inda ɗaya gidan sarautar Gobir yake. Shekaru da yawa motocin da aka sauke a Kwatano ta Gaya da Dosso da Birnin Ƙonni suke biyowa zuwa Maraɗi, daga nan su tsallako. Hanyar ta yi ta toshewa. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya sai Disambar 2020, bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa na wasu watanni. Ga cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira. Sakamakon haka, mai tsohuwar mota ya daina mafarkin sauya ta, ya koma wajen bakanike.

Sai babban abin da ya canja nauyin sana'ar. Wanda MG ɗinsa ta mutu a hanyar ƙauyen Ingila waya zai buga a zo a ja shi. Direban da ya ɗauko fasinja daga Isa zuwa Shinkafi ranar Alhamis, ko daga Sabon Birni zuwa Goronyo, in motarsa ta tsaya a daji rayuka ne a hannunsa. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, aka yanke layukan waya. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya a cikin motarsu a yankin Sabon Birni. A 2024 a kan hanyar dawowa daga Sakkwato aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannunsu, Allah ya jiƙansa. A irin wannan hanya, bakaniken da ya ce wa direba "tahi, za ta kai ka" amana ya ɗauka mai nauyi. Na ƙwarai a cikinsu sun san haka, shi ya sa za ka ga ya hana mota fita saboda bel ɗin fanka da ya fara tsagewa, direba yana ta magiya.

Duk da haka hannun da ya san kafireta da kwantak yana raguwa. Samari gyaran Boxer da Keke suke so, don kuɗin a ranar yake shigowa, motocin zamani kuma kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu. Tsofaffin Land Rover da suka kwanta a bayan gidaje da harabar ofisoshi, 'yan gwangwan ke zuwa da sikeli su saye su da kilo, ƙarfen ya tafi kamfanonin narka a Kudu, alminiyon yakan ƙare wajen masu zubin tukwane. Raina yana ɓaci da wannan ciniki, don irin motar da a Turai ake nema ido rufe saboda shasinta bai ruɓe ba, ita muke sarewa da gatari.

Ba na cewa talaka ya ajiye mota don ado alhali gidansa ba hatsi. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin tasha za su iya sa shi ya zama al'ada: kowace mota a ajiye mata ɗan littafi, bakanike ya rubuta ranar da ya buɗe injin, abin da ya sauya, da ko sabo ne ko na Baljiyam, da boko ko da ajami. Mai saye na gaba zai san abin da ya saya, gwani kuma aikinsa zai yi masa shaida ko baya nan. Wanda kuma yake da tsohuwar Land Rover a gida, kafin ya kira mai sikeli ya sa bakanike ya duba shasin, ya kwafi lambar da ke kan ɗan farantin da aka maƙala a bangon gaban direba. Da wannan lambar ake gane shekararta da ƙirarta, da ita ake odar kayanta, kuma ita ce farkon abin da duk mai saye na gaske zai tambaya.