Ɗan Alade Ya Faɗi, Wa Za Mu Zarga?

Karatu: Markus 5:1-20, Karin Magana 12:10

Maganarmu ta yau ba irin wadda aka saba ji daga kan mumbari ba ce, amma tana raba zumunci a unguwanninmu, saboda haka ba za mu ji kunyar faɗinta ba.

Wata 'yar'uwa a Sabon Tasha ta tara kuɗin adashe, ta aika aka sayo mata 'yan aladu biyu daga kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, wadda take ci ranar Alhamis. Watan Maris ne, ana tsananin zafi. Aka ɗaure su, aka jefa a bayan mota, suka biyo ta Zonkwa da Kachia, ba su iso ba sai dare. Kashegari da rana ɗaya ya faɗi, yana karkarwa, yana shure-shure, kumfa a baki. Nan take ta tuna maƙwabciyarta ta leƙo da safe ta yaba su. Shi ke nan, gaisuwa ta yanke tsakanin gida biyu, alhali kuwa majami'a ɗaya suke zuwa, tebur ɗaya suke karɓar Jibin Ubangiji.

Ba mu raina tashin hankalinta ba. A Unguwar Romi, da Narayi, da Television, da Gonin Gora, alade shi ne asusun talaka. Tun da masaƙun Kakuri suka rurrufe, KTL a 2002, UNTL a 2007, gidaje da yawa da ɗan kiwon bayan gida suke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Wanda ya ga aladensa a ƙasa, karatun ɗansa yake gani a ƙasa.

Da yawa daga cikinmu, da mun ga haka, sai hankalinmu ya koma ga labarin da muka karanta a Markus, inda aljannu suka fita daga wani mutum suka shiga garken aladu wajen dubu biyu, garken ya ruga cikin teku ya hallaka. Ba ma musun aikin Shaiɗan. Amma mu lura da kyau, a wannan labari ba wani maƙwabci da ya yi jifa ko sammu. An rubuta shi domin mu ga ikon Yesu, da darajar mutum ɗaya da aka 'yantar. Bai koya mana cewa duk aladen da ya faɗi aljan ne ya buge shi ba. Sau da yawa dalilin yana nan a cikin ɗakin aladun, ko a cikin kwanon ruwansu.

Allah ya halicci alade da wani rauni da ba kowa ya sani ba. Ba ya yin gumi yadda mutum ko doki yake yi, don haka ba shi da hanyar sanyaya jiki sai inuwa da ruwa da taɓo. Birgimar da yake yi a laka, wadda muke kira ƙazanta, ita ce fankarsa. Ga shi kuma da saurin firgita. Kora, ɗauri, ihun yara, haushin kare, doguwar tafiya, raba shi da uwarsa, duk suna taɓa shi fiye da yadda suke taɓa akuya.

Har a ƙasashen da ake tattalin alade kamar ɗa, ana ganin wannan. Akwai wani ƙaramin alade mai tumbi, asalinsa daga Biyetnam, wanda aka kai Kanada a 1985, daga nan ya bazu a Amurka. Can ba don nama suke ajiye shi ba, a cikin ɗaki yake kwana kamar kyanwa, har da suna ake raɗa masa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Masu irin wannan alade sun san wani ciwo da yakan kama ƙanana farat ɗaya, yawancinsu waɗanda ba su kai shekara biyu ba. Aladen yakan ƙwalla ƙara, bayansa ya lotsa, ƙafafun baya su ƙi ɗaukarsa, ya zube, ya tashi, ya sāke zubewa. Wani lokaci gyambo mai tsattsafo da ruwa yakan fito a gadon bayansa. Mai kallo zai rantse farfaɗiya ce, amma aladen yana cikin hayyacinsa, yana ganin mai shi. Sun lura yakan biyo bayan wata wahala, kamar tafiya a mota, ko sauyin gida, ko daɗewa a rana. In aka sa shi a wuri mai inuwa da shiru, aka bar taɓa bayan, yakan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Fararen aladun Turawa kuwa, waɗanda muke so saboda saurin girma, wasunsu suna da wani lahani na gado wanda ya fi wannan haɗari. An fi samunsa a jinsin Pietrain na Beljiyam da wasu Landrace. A 1991 masu bincike a Kanada suka gano ƙwayar gadon da take jawo shi. Irin wannan alade in an kore shi ko an yi kokawa da shi cikin zafi, sai wutsiya ta fara rawa, jiki ya sandare, ya buɗe baki yana haki, fata ta yi ja-ja da fari-fari. Zafin jikinsa, wanda ya kamata ya tsaya wajen digiri 39, sai ya haura 41. Yana iya mutuwa kafin a kira kowa. Wanda ya ga haka a garkensa, kada ya bar wannan zuriya ta zama iri.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙishirwa da gishiri, a nan kuwa za mu ɗan daɗe. Mukan ba aladu ragowar abincin gida da na masu sayar da abinci, miya da romo cike da gishiri da magi. Muddin akwai ruwa a gabansa kullum, jikinsa yana fitar da gishirin. Amma in famfo ya ɗauke, ko kwano ya kife tun safe, ko aka yini aka kwana a hanya ba ruwa, gishirin yakan taru a jini har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai ka ga alade yana zagaye wuri ɗaya, yana karo da bango kamar makaho, ya zauna kamar kare, kai yana fizga baya, sa'an nan ya faɗi ta gefe yana tuƙa ƙafafu. Ya lafa, jim kaɗan ya sāke. Ga inda tausayi yake yin kisa: mai shi ya ga ƙishirwa, sai ya cika bokiti ya ajiye masa. In ya sha da yawa gaba ɗaya, ruwan yakan kumbura ƙwaƙwalwar, ciwon ya ƙaru. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, ana hutawa ana ƙarawa, har ƙishirwar ta tafi.

Jarirai kuma a makonsu na fari, musamman da hunturu, in sanyi ya kama su ba su sami nono sosai ba, sukarin jininsu yakan faɗi su yi ta karkarwa. Maganinsu ɗumi da nono.

To, in abin ya faru, me za mu yi? A kori taron 'yan kallo, a bar ihu. Kada a ɗura masa kome a baki yana cikin shure-shure, gama zai shaƙe. A kai shi inuwa a hankali, in zafi ne a yayyafa masa ruwa a jiki da ƙasan da yake kwance. Sa'an nan a nemi likitan dabbobi, domin akwai ciwon sanƙarau na aladu mai kama da wannan, wanda sai da allura. In kuwa aladu da yawa suka kwanta tare, da zazzaɓi, kunnuwa da ciki suka yi ja, suna mutuwa bi da bi, wannan wata magana ce dabam. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997, ba shi da magani. A sanar da ma'aikatan dabbobi, su ne za su aika da jini a gwada a cibiyar bincike ta Vom kusa da Jos. Kada mai bi ya yi sauri ya yanka marar lafiya ya kai kasuwa da dare. Wannan zuba wa ɗan'uwa wuta ne a garke.

Ayar da muka karanta a Karin Magana tana auna adalcin mutum da yadda yake lura da ran dabbarsa. Ashe kwanon ruwa da rumfar inuwa suna cikin ibada. In za mu ɗauko alade daga nesa, mu ɗauko shi da sanyin safiya ko da yamma, kada a ɗaure shi tamau, a tsaya a hanya a ba shi ruwa. Doka ta tara kuma ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, zargin maita ba da hujja ba kuwa shaidar zur ce, ko da a zuci aka yi ta.

'Yar'uwar nan ta Sabon Tasha, da likita ya zo, tambayarsa ta fari ita ce, "Mama, yaushe rabonsu da ruwa?" Aka bincika, ashe tun daga kasuwa ba wanda ya ba su, da suka iso kuma ragowar miya aka zuba musu, kashegari aka cika musu kwano. Ɗayan ya mutu, ɗayan ya tashi bayan kwana uku. Ran Lahadi kafin a shiga sujada ta je ƙofar maƙwabciyar ta yi sallama, ta ce, "Maman yara, na zo neman gafara, na ɗauki alhakinki." Tare suka tafi majami'a.