Abin Shan Da Ya Fito Daga Littafi

Turawa suna da al'adar haɗa abin sha a gida, su kwaikwayi wanda aka ambata cikin hikaya. A littafin Casino Royale na Ian Fleming, 1953, James Bond ya sa aka haɗa masa Vesper: barasa iri uku, da ƙanƙara, da ɓawon lemun tsami. Amma Butterbeer na hikayar Harry Potter, wanda aka soma sayarwa a Orlando ta Amurka a 2010, sunansa na giya ne, alhali babu barasa cikinsa, sai zaƙi da kumfa. Sai dai wasu masu haɗawa a gida sukan zuba masa barasa.

Saboda haka falken da ya sauka ƙasashen nan ya tambaya kafin ya kurɓa, domin hukunci ba suna yake bi ba, abin da ke cikin kofi yake bi.